Fina-finai Huɗu a Wajen Ɓarar Gyaɗa

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga 'yata Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da kakarki Hajja da duk mutanen gidanta. Allah Ya tsare ki a zaune, Ya tsare ki a tafe. Ya kiyaye miki hanyar da za ki bi ranar Asabar, Ya raba ki da direba mai ganganci da mugun abokin tafiya, Ya sauke ki Kano cikin aminci. Amin.

Ba zan ba ki labarin gida ba. Babanki ne zai kawo miki takardar, kin kuwa san shi, kafin ya sha ruwa ya gama gaya miki wace akuya ce ta haihu. Ni magana ce da ni. Ki nemi wuri ki zauna, ki karanta har ƙarshe. Kada ki karanta rabi ki ninke, ki ce ai kin san abin da Inna za ta faɗa. Ba ki sani ba. Ni kaina ranar Lahadi ban san zan faɗe shi ba.

Yau kwana goma sha biyu ke nan da kika durƙusa a ƙofar ɗakina, kika ce masu shirya fim sun ɗauke ki aikin ɗinka kayan da 'yan wasa za su riƙa sawa, za ki zauna a wurin Gwaggonki a Kano, kina so in sa miki albarka. Ban ko ɗago kai daga tankaɗe ba na ce miki, "Je ki yi abin da kika ga dama, amma ba da yawuna ba." Kika tashi, kika haɗa kayanki, kika tafi gidan Hajja wai za ki yi mata sallama. Ba ki dawo ba. Yanzu kuma na ji daga can za ki wuce. Wannan maganar ce ta sa na ɗauki biro.

Amma kafin in zo kanta, ji wani abin mamaki: na kalli fim. Ni, Innarki! Ba ɗaya ba, ba biyu ba, huɗu cur cikin kwana uku. Har yanzu kaina cike yake da su. Jiya ina tuƙa tuwo ina gardama da wani ɗan wasa a zuciyata, har muciya ta kusa suɓuce min.

Babanki ne ya jawo. Ya shigo da ɗan memorin nan da kika bar masa, ya ajiye a kan taga, ya ce, "Hajara, ke da kika yi sakandare, a makarantarku ana ba ɗalibi sifiri ne kafin a buɗe takardarsa?" Na ce, "Malam, da girmana za ka kawo min wannan?" Ya ce, "Da girmanki fa. Shi ya sa na kawo." Ya sa hularsa ya fice. Kwana huɗu abin nan yana kan taga, ina shara ina kewaye shi. Ranar Litinin da hantsi Delu maƙwabciyarmu da Asabe matar ƙanin babanki suka zo taya ni ɓarar gyaɗa. Asabe ta hango shi ta ce, "Yaya, wannan fa?" Na ce fina-finai ne, zan duba ne in tara hujja, don in na tashi yi wa yarinyar nan faɗa in yi shi da ilimi. Delu ta ce, "Ƙwarai kuwa, Malama. Mu ma sai mu taya ki tara hujjar." Muka kife turmi a gindin darbejiya, Asabe ta sa memorin a wayarta, ta jingina ta da ƙwarya.

Na farko labarin wani manomi ne da yayansa yake son ƙwace masa gonar gado. Labarin ba laifi, ya riƙe ni. Amma Uwani, wa ya gaya wa mutanen nan haka ake noma? An ce mana tsakiyar damina ce, mutumin yana ta cewa ruwa ya yi gyara bana, ga kuma gawo a bayansa ya cika da ganye shar! Ko ɗan yaye a garin nan ya san gawo tsirara yake kwana da damina, sai rani yake sa riga. Delu ta ce, "To ko gawon birni ne, shi ma boko ya yi?" Mutumin ya riƙe fartanya kamar mai tsoron kada ta cije shi. Matarsa kuwa ta fito daka da leshi, da jan baki, da farce zaƙo-zaƙo, tana buga taɓarya a turmin da babu ko ƙwayar gero a ciki. Na rantse babu, don kunne yana bambance turmi mai hatsi da turmi wayam. Da ta zo sheƙa sai ta fuskanci iska. Da a ce da gaske take yi, da ƙaiƙayi ya cika mata ido da wuya, ta kwana tana susa. Can kuma wani ya ɗauki buhun gero da hannu ɗaya yana tafe yana waya, mu da muke ganin ƙarti biyu suna nishi kafin su ɗora buhu a motar kasuwar Dawanau. Mun yi dariya har gyaɗa ta tarwatse, kaji suka samu rabonsu. Amma inda alƙali ya mayar wa mutumin gonarsa, ya durƙusa ya damƙi ƙasa ya sa a goshi, nan kam sun yi gaskiya. Na ga kakanki ya yi haka da idona.

Na biyu na Indiya ne da aka juya zuwa Hausa. Wannan kam tsawonsa ya yi yawa, sai da muka tashi muka yi azahar muka dawo, suna nan suna abu ɗaya. Mutum ɗaya ya doke ƙarti ashirin, ko maɓallin rigarsa bai cire ba. Ruwan sama yana zuba, maimakon su nemi mafaka sai su hau dutse suna waƙa. Asabe ta ce ita dai wanda yake juya maganar take so, bakinsa kamar na dillalin shanu. Ni ban ga abin koyi a ciki ba, sai dai uwar yaron, wadda ta iya kuka ba tare da ta buɗe baki ba. Duk da haka ba zan ɓoye miki ba, waken da na ɗora ya kama ƙurmus, don na zauna in ga ko yaron zai gane ubansa. Ya gane shi.

Na uku, ranar Talata, shi ne ya sa ni hawaye. Wata ma'aikaciyar jinya ce aka turo ƙaramin asibitin ƙauye, tsohuwar ungozomar garin ta ƙi ta, daga baya suka haɗa kai suka ceci wata mai naƙuda. Tsohuwar nan, Uwani! Ban san daga ina suka samo ta ba. Yadda take zama ta miƙe ƙafa, yadda take ɓare goro da farce, yadda take kallon mutum ta ƙasan ido, wallahi ba wasa take yi ba, haka take. In kin haɗu da ita ki durƙusa har ƙasa ki ce wata mata a wajen Watari tana gaishe ta. Abin da ban so ba shi ne waƙar da suka cusa a tsakiya, saurayi da budurwa a lambu suna kewaya bishiya. Ba na so, ba kuma zan taɓa so ba. Me ya haɗa naƙuda da kewaya bishiya? Sannan mugun mai maganin da ya yi ta cutar mutane, sai kawai aka ce mota ta kaɗe shi. Ban yarda ba. Kamata ya yi ya tsaya gaban jama'a ya ji kunya, masu kallo su ga yadda ake tuba. Asabe ta ce, "Yaya, ai mutuwar ta fi zafi." Na ce mutuwa kowa zai yi, har mutumin kirki, ba hukunci ba ce.

A cikin wannan fim ɗin akwai wata mata mai yawan surutu. Tana fitowa Asabe ta tafa hannu ta ce, "La, wannan sak kamar..." Ban bari ta ƙarasa ba. Na daka mata tsawa, "Kul! Kada ki kira sunan kowa a gidan nan." Ta tsorata, ta ce, "Yaya, wasa fa nake." Delu ita ta san dalili. Ke ce ba ki sani ba, yau kuma za ki sani.

Lokacin kina goye, kaset ake yayi. Gida ɗaya ne a garin nan yake da bidiyo da janareto, ranar Juma'a bayan la'asar a bar mata su shiga su kalla. Ni ce a sahun gaba. Na san ba ki taɓa jin wannan ba. Akwai wata baiwar Allah, Talatu, wadda kika taso ba ki taɓa ganinta a gidanmu ba. Da na haife ki uwata ba ta da rai, Talatu ce ta dafa min ruwan wankan jego kwana arba'in, ita take faskare, ita take dama min kunun kanwa, ba dangin iya ba na baba. Tana da wushirya, tana kuma ɗan jan ƙafar hagu tun yarinta. Ran nan aka nuna wata mata a fim mai bin gida-gida tana haɗa mutane faɗa, ita ma da wushirya, tana ɗingishi. Ban tsaya tunani ba na ce, "La, ku ga Talatu!" Ɗakin ya kwashe da dariya. Na ji daɗi har cikin raina, don ni na ba mutane dariya. Talatu tana zaune a bakin ƙofa. Ta yi ɗan murmushi ta ce, "Allah Ya shirye ki, Hajara."

Kafin mako ya zagayo, sunan matar fim ɗin ya manne mata. Ba zan rubuta shi a nan ba. A rijiya shi ne, a injin niƙa shi ne, a gidan biki shi ne. Matar da ba ta taɓa kai maganar wani gida wani gida ba, sai ga shi in ta yi sallama mata su tsuke baki suna kallon juna. Sunan ya jawo mata halin da ba nata ba. Ta daina shigowa gidanmu. Ni kuma girman kai ya hana ni zuwa ba ta haƙuri, kullum in ce gobe. Shekara goma sha huɗu ina cewa gobe. Ranar da ta rasu muna zaune a gidan makoki, wata baƙuwa ta tambaya, "Wace Talatun ce ta rasu?" Aka amsa mata da wancan sunan. A gabana, ko masu kai ta ba su dawo ba.

Kin san abin da na yi bayan waccan dariyar? Maimakon in kama harshena, sai na kama fim. Na ce fim ne yake ɓata zumunci, fim ne yake lalata tarbiyya. Na daina kallo, na fi shekara ashirin ina miƙewa a Islamiyya ina faɗin haka, mata suna ce min Malama. Ya fi min sauƙi in zagi akwatin bidiyo da in taka gida uku in ce wa Talatu ta yafe min.

Don haka ki saurare ni. Inda za ki, aikinsu ke nan kwaikwayon mutane, kowa bakinsa a sake yake. Kada ki taɓa kamanta mai rai da wanda aka nuna a fim, ko da wasa, ko da kamar ta kai ta kawo. Wanda ya fito a mugu kuma kada ki ɗauka mugu ne, wanda ya fito a liman kada ki ɗauka waliyyi ne. Ki bar kowa sai kin ga yadda yake yi wa na ƙasa da shi. Abin da kika gani a kansu, wa ya rabu da wa, wa yake neman wa, kada ki ɗauko shi ki kawo mana garin nan, ko Asabe ta roƙe ki, za ta kuwa roƙa. In kuma kika yi wa mutum laifi, ki je ki same shi a ranar, kafin ki yi sallar magariba.

Kuskure na biyu ke na yi wa. Kina aji biyar a firamare na aike ki karɓo niƙa, kika daɗe. Na biyo sawu na same ki tsaye a tagar wani gida kina leƙen talabijin, da littafinki na lissafi a hannu. Na ja kunnenki tun daga can har tsakar gida. Na buɗe littafin, bayansa duk zanen riguna ne: hannu mai tattara, wuya mai kusurwa huɗu, siket mai hawa uku. Ban tambaye ki ko mene ne ba. Na cusa shi a murhu kina kallo. Ba ki yi kuka ba, wannan ya ƙara fusata ni. Washegari aka zane ki a makaranta don ba ki da littafi, ba ki kuma faɗa wa malamin wanda ya ƙona shi ba. Na sani, babanki ya gaya min, na ce ai gara haka.

Ni a zatona rawa kike kallo da samari. Ashe riguna kike kallo. Da na buɗe baki na tambaye ki, da tun kina 'yar shekara goma sha ɗaya na san abin da Allah Ya ba ki. Wata rana za a sa yara masu koyon ɗinki a ƙarƙashinki, wata rana kuma za ki haifi naki. Kafin ki ɗaga hannu, ki tambaya. Tambaya ba ta rage wa babba girma. Ba cewa nake kada ki hukunta ba, yaron da ba a kwaɓa ba ya lalace, amma ki san laifin tukuna.

Ga wani kuma da ko babanki ban taɓa gaya wa ba, ke ma kada ki gaya masa. Muna aji huɗu a sakandare na yi wasan kwaikwayo ranar rabon kyaututtuka. Dagaci na fito, da gemun auduga da babbar rigar da muka aro wurin maigadi. Har shugabar makaranta sai da ta cire tabarau ta share hawayen dariya. Tafin da aka yi min ran nan ya fi mako yana juya min kai. Na shiga kwaikwayon malamai a ɗakin kwana ina neman wani tafin, har ranar da na kwaikwayi malamar lissafi ashe tana tsaye a bayana. Kwana uku ina nome filin makaranta. Ban yi hankali ba, don son tafin nan ne ya buɗe bakina a kan Talatu bayan shekaru. Jinina ne a jikinki, shi ya sa nake jin tsoro. Ɗinki ne ya kai ki. Duk ranar da wani ya ce fuskarki ta dace da kyamara, ki ce kin gode, ki koma kan kekenki, ki kira babanki a waya a ranar.

Yanzu bari in zo kan na huɗu, wanda tun da na fara rubutun nan hannuna yake ƙaiƙayin isa gare shi.

Jiya Laraba da safe muka sa shi, gyaɗa saura kwano biyu. Labarin wata mata ce da mijinta ya rasu ya bar mata yara da ɗan fili a bakin ruwa, take noman rani, albasa da tumatir, irin namu na nan Watari. Tun fitowarta ta farko na ce wa Delu wannan fim ɗin daban ne. Zanenta ya koɗe inda zane yake koɗewa, a gwiwa da mazauni. Ɗankwalinta ɗaurin aiki ne, ba ɗaurin biki ba. Yaran suna sanye da rigunan da suka ɗan yi musu kaɗan, kamar yadda yaran gaske suke. Delu ta ce, "Wannan kam sun leƙo gidana."

Sai matar ta sunkuya tana dasa albasa, kyamara ta matso kafaɗarta ta dama. Akwai faci a wurin, daidai inda rigar mace mai daka take fara mutuwa. Na ajiye gyaɗar hannuna. Na ce, "Asabe, mayar da shi baya." Ta mayar. Na ce ta ƙara. Sau uku. An yanko ƙyallen ne daga kalmasar rigar ta ciki, shi ya sa launinsa ya fi na sauran jikin haske. An sa shi ta ciki, ba ta waje ba. An zagaye kusurwoyin don kada su tattare. A ƙarshe an ɗaure da ɗinki uku ƙanana masu kama da sawun kaza. Uwani, mutum uku na sani a duniya masu yin faci haka. Uwata, tana kabari. Ni, ina zaune a gindin darbejiya. Saura wa?

Ban san lokacin da na miƙe ba, gyaɗar cinyata ta zube. Na ce, "Ɗinkin 'yata ne! Wallahi hannun Uwani ne! Ku duba sawun kazar nan, ni na koya mata!"

Delu ta riƙe haɓa ta ce, "La ilaha illallahu. Asabe, shaida min. Yau Malama Hajara ta yabi 'yar fari da rana tsaka, a gaban mutane. Ina kunyar ta tafi?"

Na ce, "Kunyar tana nan inda take. Ku dai duba facin."

Asabe ta ce, "Yaya, hujjar ce kika samu?"

Na ce, "Rufe min baki, ki mayar da shi baya."

Da fim ɗin ya ƙare sunaye suka riƙa hawa, na hana a kashe. Can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, ga sunanki na yanka, wanda bakina ba ya faɗa saboda sunan Hajja ne, ga na babanki a gefensa. Delu ta ce, "Karanta mana, ke da kika yi boko." Na ce idona ba ya gani. Ƙarya nake yi, Allah Ya yafe min. Na gani sarai, har na sa yatsa a kai.

Sai da babanki ya dawo daga gona ya gaya min a zaman da kika yi wurin Gwaggonki bara kika ɗinka musu, ni kuwa aka ce min shagonta kike taya ta. Kun ɓoye min, ke da shi da ita. Wannan laifi ne, ba zan ce ba laifi ba ne. Amma wanda ya ƙona wa yaro littafi, shi ya koya masa ɓoyo. Daga yau kada ki ƙara ɓoye min aikinki. Duk wanda kika ɗinka wa kaya, ki aiko min in gani, in kuma faɗa miki ra'ayina, ko kin so ko ba ki so ba.

Tunda kuwa za ki zauna a cikinsu, ga saƙona. Ki gaya musu maganar gawo. Ki gaya musu a zuba hatsi a turmi, a juya wa iska baya wajen sheƙa, a cika buhu da abin da yake da nauyi. Mutanen ƙauye suna kallo, kuma ba wawaye ba ne. Amma ki faɗa da ladabi, ki samu babbansu shi kaɗai, kada ki gyara wa mutum a gaban yaransa. Kada almakashinki ya yanka rigar da za ki ji kunyar a ce ke kika ɗinka in Hajja tana kallo. In suka matsa, ki ce ba ki iya ba, su nemi wani. Awon mata naki ne, awon maza a nemo tela namiji, ko a kawo miki tsohuwar rigarsu ki gwada da ita. In lokacin salla ya yi ki tashi, ko wa yake jiran kaya. Magariba ta same ki a gidan Gwaggonki. Ki taya ta aikin gida, kada ki zama baƙuwar da ake ɗauke wa kwano. Kekenki kuma ki riƙa sa masa mai, na san halinki.

Saura kuskure na ƙarshe, shi ne mafi sabo, shi ne kuma mafi nauyi. Ranar da na ce miki ba da yawuna ba, ba tarbiyyarki nake tunani ba. Na san 'yar da na haifa. Matan Islamiyya nake tunani. Ina jin yadda za su ce, ga mai wa'azin fim, 'yarta ta shiga fim. Na auna kunyata da albarkarki, na zaɓi in tsare kunyata. Uwa ba ta yin haka. Ke ma duk ranar da bakin mutane ya ja ki gefe, wanda yake da haƙƙi a kanki ya ja ki gefe, ki bi mai haƙƙi.

Jiya bayan la'asar na je makaranta. Delu ta riga ni, kin kuwa san abin da wannan yake nufi. Ina cire takalmi wata ta ce, "Malama, ashe 'yarki 'yar fim ce?" Na ce, "Tela ce. Kayansu take ɗinkawa, kuma ta iya. Da sanin ubanta za ta tafi, da yardata." Wata ta taɓe baki, wata ta ce Allah Ya taimaka. Na zauna na buɗe littafina. Rufin ajin bai faɗo ba.

Na faɗa wa mutane kafin in faɗa miki, wannan ma ba daidai ba ne. To ga shi a rubuce, da hannuna. Na janye maganar da na yi. Da yawuna za ki tafi. Na yarda, na sa miki albarka, duniya da lahira. Littafin da na ƙona da maganar da na yaɓa miki, ki yafe min.

Motar da za ku hau ta bakin garinmu take bi. Ki ce wa babanki ku sauka, ko na minti goma ne. Kin san ni, ba zan iya maimaita ko layi ɗaya na takardar nan da baki ba. Wataƙila ma kina shigowa in ce ɗankwalinki ya karkace. Ki shigo dai, in ɗora hannuna a kanki. In kuma zuciyarki ba ta gama hucewa ba, ki wuce abinki, ba zan riƙe ki da komai ba. Albarkar ta riga ki shiga mota.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya zaunar da ke lafiya. Ya tsare miki imaninki da mutuncinki da idonki da yatsunki. Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya kau da mugu daga hanyarki ko da murmushi ya zo. Ya sa wa hannunki albarka, Ya ba ki halal mai yalwa. Ya jiƙan Talatu, Ya yafe min haƙƙinta. Na ba wa Allah ajiyarki, Shi da ajiya ba ta ɓata a wurinSa. Ki gaishe min da Hajja da kyau, ki gaishe da Gwaggonki in kin isa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Ni ce mahaifiyarki,
Inna